Rabin Milimita a Rabig

Hajiya ce ta zaɓi hanyar. Tun muna Kano ta faɗa mini cewa in Allah Ya nufa muka sauke Umara, ita ba za ta tafi Madina a jirgin ƙasa ba. Ta san labarinsa: tun 2018 yake aiki, yana gudun kilomita 300 a sa'a, kafin sa'a biyu da rabi ya sauke mutum a birnin Manzon Allah (SAW). Amma ba ya bi ta Badar, ita kuwa Badar take so ta gani da idonta tun tana yarinya ana karanta musu Sira. Ƙanenta, kawuna, wanda ya daɗe da zama a Makka har Larabci ya fi Hausa zama a bakin 'ya'yansa, ya ce magana ta ƙare: motarsa na nan, babban ɗansa, taubashina, zai ja mu.

Maganar biza da layin filin jirgi ba ta da wani labari. Mun tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano, mun sauka Jidda, an duba takardu, mun wuce Makka da harami a jikinmu. Da muka sauke Umara muka huta a gidan kawu, sai aka sa ranar tafiya.

Motar kawu GMC Suburban ce ta shekarun 1990, irin wadda mutanen Saudiyya ke kira Jims. Doguwa ce, fara, kujeru layi uku, injinta mai silinda takwas, tankinta na cin kusan lita 160. A Najeriya, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ban san mai albashin da zai iya ciyar da irinta ba. A can kuwa litar fetur mai lamba 91 riyal 2.18 ce, kuma a nan aka tsayar da farashin tun tsakiyar 2021. Taubashina ya cika tanki da riyal 300 da 'yan kai. Arhar ta burge ni, amma zaman farashin wuri ɗaya ya fi tsaya mini a rai. Shekara da shekaru riyal 3.75 ake ba da dala ɗaya, don haka magidanci yakan san abin da tafiyar bana za ta ci daga abin da ta bara ta ci. Mu a gida sai ka isa tasha kake sanin kuɗin mota.

Bayan sallar Asuba muka loda kaya. Taubashina ya murɗa makulli, inji ya juya da nauyi, ya kama, sai wata ƙara mai tsini ta biyo baya kamar injin markaɗen da aka bari babu ruwa. Daƙiƙa ɗaya ko biyu, ta yi shiru. Kawu ya dube shi.

"Sabon kik ne, Baba," in ji shi. "Makon jiya aka sa. Sun ce zai zauna."

Muka fita ta Tan'im, inda Masallacin A'isha yake, masu sabunta Umara sun cika harabarsa da fararen kaya. Gaba kaɗan, a Sarif, kawu ya nuna mana kabarin Uwar Muminai Maimuna a bakin titi, Hajiya ta ɗaga hannu tana addu'a har muka wuce. Sai Jumum, a cikin Wadi Fatima, kwarin da rundunar Musulmi ta sauka kafin buɗe Makka a shekara ta 8 bayan Hijira. Titi shimfiɗaɗɗe, ba rami, ba shinge, ba mai miƙo hannu. Na'urar ɗaukar hoto ce ke tsaron gudu, tarar kuma a wayarka za ta same ka. Duk da haka na yi kewar hanyoyinmu. Daga Kano zuwa Zariya ba ka tafiya mai nisa ba ka ga mai rake ba, ko 'yar fura, ko masu gyaɗa a Kwanar Ɗangora suna rige-rigen kaiwa taga. A nan baƙin dutse ne da yashi da raƙuma a bayan shingen waya. Hanya ce mai hutar da jiki, amma ba ta hira da matafiyi.

A Usfan, wajen kilomita 80 daga Makka, muka tsaya karin kumallo. Wani Ba'afgane ne ke gasa tamis a tanderun ƙasa, faffaɗan burodi mai zafi, guda riyal 1. Muka haɗa da ful, wato dafaffen wake da aka dama da man zaitun da barkono, da shayin madara mai kanumfari. Mu huɗu muka ƙoshi a ƙasa da riyal 30. Da za mu tashi, ƙarar nan ta dawo, ta fi ta ɗazu tsawo. Wani direban babbar mota da ke shan shayi ya waiwayo ya girgiza kai.

Daga nan muka bi ta Khulais muka gangara titin bakin teku. Iska ta canza, ta yi nauyi, ga ƙanshin gishiri. Kafin Rabig muka ratse Juhfa, miƙatin mutanen Sham da Masar, Hajiya ta yi nafila a masallacin. Muka shiga garin Rabig dab da Azahar, bututan matatar mai suna hayaƙi can wajen teku. Muka yi sallah, muka fito, taubashina ya murɗa makulli. Ƙas, sai shiru. Ya sake. Ƙas. Fitilu na ci, hon na kuka, batir lafiya lau, amma inji ko motsi.

A gida da tuni an gama shawara. Direba ya sa giya biyu, fasinjoji su sauko, a yi kiran samarin unguwa, a tura. Da yawa daga Golf da Sharon ɗin da ke jigila a hanyoyinmu da turi suke tashi, direbobinsu sun san kowane gangare a tasha. Amma giyar Jims ta otomatik ce. Famfon man giyar injin ne ke juya shi, in inji bai tashi ba babu abin da ke haɗa taya da inji, ko gari guda ya taru ya tura. Ja da igiya ma ɓata giyar yake yi. Dole kawu ya kira satha, motar da ke goya mota a bayanta, ta kai mu unguwar kanikawa a kan riyal 100.

Garejoji a rufe muka same su. A wannan ƙasa kanikawa na tashi da tsakar rana, sai bayan La'asar su dawo su yi aiki har dare. Muka zauna a inuwar wani shago, mai shagon ya fito wa Hajiya da kujera da ruwan sanyi ba tare da an roƙe shi ba.

Bayan La'asar aka ɗaga ƙofar garejin da ke gabanmu. Mai shi baƙin mutum ne, dogo, gashinsa ya fara furfura. Kawu na yi masa bayani da Larabci, sai Hajiya ta ce mini da Hausa, "Allah dai Ya sa ya san aikinsa." Mutumin ya juyo, ya rusuna.

"Inna, sannu da hanya. In Allah Ya so za ku kwana da mota mai lafiya."

Kawu ya kama hannunsa bai saki ba. "Ɗana, kai ɗan ina ne?"

"Mai Wurno, Baba. A Sudan."

Bai taɓa sifana ba sai da ya yi wa taubashina tambaya uku. Ƙarar, tun inji na juyawa take zuwa ko bayan ya kama? Bayan ya kama. An canza kik kwanan nan? An canza. Da aka sauke tsohon, ba a ga wani siririn ƙarfe ya faɗo ba? Taubashina ya yi jim, ya ce ya ga yaron gareji ya share wani abu mai kama da haka ya zuba a shara.

"To shi ne," in ji bakaniken. "Shim ɗin suka yar."

Aka tura motar kan rami. Ya cire kan batir na baƙar waya tukuna, sannan ya sauka, ya ce in ina so in gani in sauko. Na sauka da fitila a hannu, kuma abin da na gani a ƙarƙashin motar nan shi ya sa nake rubuta wannan labari.

A bayan inji, inda ya haɗu da giya, akwai babban faifan ƙarfe mai haƙora a gefensa, wanda kanikawa ke kira filawil. A mota mai otomatik faifan siriri ne, amma aikin haƙoran ɗaya ne. Na wannan injin faɗinsa inci 14, haƙoransa 168. Kik kuwa ƙaramin injin lantarki ne da ɗan giya mai 'yan haƙora a bakinsa. In ka murɗa makulli, maganaɗisun da ke kan kik ya turo ɗan giyan ya shiga haƙoran filawil, wutar batir ta juya shi, shi kuma ya juya injin gaba ɗaya. Da inji ya kama ka saki makulli, sifirin ya jawo shi baya. Kafin hakan ya tafi daidai, sai tsinin haƙorin ɗan giyan ya bar 'yar tazara tsakaninsa da gindin haƙoran filawil. Tazarar ba ta wuce daga rabin milimita zuwa abin da bai kai milimita ɗaya ba. In ta matse, ɗan giyan ya shiga da ƙyar ya ƙi fita, inji ya kama ya ja shi da gudun da ba nasa ba, wannan ce ƙarar da muke ji tun Makka. In ta yi yawa, haƙora su riƙa haɗuwa a tsini kawai, ƙarar ta zo tun inji na juyawa, a hankali su gutsuttsure.

A yawancin motocin Japan da na Turai da muka saba da su, kik a cikin wani rami yake zama a jikin giya, ramin da aka yanka daidai bakinsa, don haka tazarar a shirye take. A wannan injin na Amurka kuwa rataye shi ake yi a ƙasan gangar inji da dogayen notuna biyu masu hawa sama. Ɗan bambancin da ke tsakanin wani kik da wani, ko wata gangar inji da wata, ya isa ya ɓata awon. Shi ya sa masu ƙera motar da kansu suka tanadi shim: siririn falle na ƙarfe, kaurinsa wajen milimita 0.4, da ake cusawa tsakanin kik da gangar inji.

Yana kwance notunan muka ji ɗan giyan ya koma baya da kansa, ƙas. A maƙale yake. Ya cire murfin da ke ƙasan filawil, ya sa babban sukudireba yana juya faifan haƙori bayan haƙori, ni ina haska masa. Ya ce inji mai silinda takwas yakan tsaya ne a wurare huɗu, mai silinda huɗu a wurare biyu, don haka a nan haƙora suka fi cin wuya, a nan ya kamata ido ya fi tsayawa. Ya sami inda suka yi ƙyalli da ɗan kaifi, amma babu wanda ya karye. Ya goge kaifin a hankali, ya ce, "Da kun kai Madina a haka, sai an sauke giya."

Sannan ya mayar da kik, ya ɗaure, ya zaro ma'auninsa daga aljihu: ɗan ƙarfen nan da ake maƙale takardu da shi a ofis, ya miƙar da shi ya zama 'yar waya. Ya sa sukudireba ya turo ɗan giyan ya shiga filawil, ya gwada cusa wayar a gindin haƙori. Ta ƙi shiga. Ya sassauta notuna, ya zura shim mai tsawon da ya ratsa notunan biyu, ya ɗaure, ya gwada. Har yanzu a matse. Na yi mamaki, tunda kaurin shim ɗin ya kusa kai tazarar da ake nema. Ya ce shim ƙasa yake sauke kik, ba ya janye shi kai tsaye daga cibiyar filawil, don haka abin da yake ƙara wa tazarar wajen sulusin kaurinsa ne kawai. Ya ƙara wani. Wayar ta shiga, tana ɗan goga, ba ta lilo. Bai yarda ba sai da ya juya faifan ya auna a wurare uku, domin ba kowane faifai ke juyawa daidai wa daida ba.

Na tambaye shi, in tazarar ce ta yi yawa fa, tunda shim ƙara ta yake yi? Ya ce sai a yanka rabi a sa a ƙarƙashin notin waje kaɗai, kik ya ɗan karkato ciki wajen filawil. Ya kuma nuna mini wani abu da da ban lura da shi ba. Notunan kik na wannan injin suna da ɗan kaushi a jikinsu kusa da zare, wanda ke cika ramin ya hana kik motsi. Ɗaya daga cikin waɗanda aka sa a Makka noti ne na gama-gari, sumul. Da shi, ko an auna daidai yau, gobe kik zai goce. Ya aiki yaronsa shagon kayan gyara ya sayo na ainihi.

Aka mayar da kan batir. Taubashina ya murɗa makulli, inji ya juya da sauri, ya kama, ba wata ƙara a bayansa. Bakaniken ya sa aka kashe aka tayar, aka kashe aka tayar, yana tsugune yana saurare, sannan ya rufe murfin.

Ina tsaye a ramin nan tunanina ya koma gida. Ba hannu muka rasa ba. Duk wanda ya shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya san akwai mutanen da ke ta da injin da masu shi suka yanke ƙauna. Kuma irin wannan ciwo na samun motocinmu ta wata fuskar: an sauya inji, an ɗauko kik na wata mota an ɗaura, an manta da farantin da ke tsakanin inji da giya, ko an bar kik a rataye da noti ɗaya. Abin da muke hana bakanike shi ne lokaci. Mai mota na tsaye a kansa, yana duba agogo, yana cewa ta dai tashi kawai. In ta yi ƙara a ce za ta zauna. In ta ƙi, a ɗauko sifana a buga wa kik. Bugun yakan yi amfani na ɗan lokaci in gawayin ciki ne ya cinye, amma ba ya gyara tazara, kuma a sababbin kik masu dutsen maganaɗisu yana iya fasa dutsen. Daga nan sai turi, har ranar da haƙoran filawil za su ƙare a sauke giya, a kashe ninkin-ba-ninkin abin da aka ƙi kashewa. Laifin ya fi yawa a wuyanmu masu motoci. Mutumin nan ya kwance ya ɗaure, ya kwance ya ɗaure, saboda rabin milimita, kuma kawu bai ce masa ya yi sauri ba ko sau ɗaya.

Wajen biya aka yi doguwar jayayya. Ya ce kuɗin shim da noti kawai zai karɓa, riyal 25, don ba ya cin kuɗin baƙin Manzon Allah, balle da Inna a ciki. Kawu ya rantse sai ya karɓi ladan hannunsa. Da ƙyar ya amshi riyal 50, da sharaɗin za mu ci abincin dare a wurinsa.

Bayan Magariba aka shimfiɗa tabarma a bayan gareji, aka ware wa Hajiya wuri a ɗan ofishinsa mai na'urar sanyaya ɗaki. Aka kawo kisra, falle-fallen gurasar dawa mai ɗan tsami, da miyar busasshiyar kuɓewa wadda ba ta da maraba da tamu sai yawan tumatir. Sannan agashe, naman da aka shafe da garin ƙuli da yaji aka gasa, wanda duk Sudan ta san na Hausawa ne. Da za a sa shi a tire a Kano babu mai cewa baƙo ne. Aka biyo da gahawa mai citta a ƙananan kofuna.

A nan ya ba mu labarinsa. Mai Wurno gari ne a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar, ya samo sunansa daga Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, wanda ya jagoranci sauran jama'a gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Kakansa daga baya ya zo. Ya tashi daga ƙasar Haɗeja a ƙafa da niyyar Hajji, guzuri ya ƙare a Sudan, ya tsaya aikin auduga a Jazira don ya tara na ƙetare teku, ya yi aure, ya haifa, ya tsufa a can. A gidansu shi jikan ne ya fara ganin Ka'aba. Bai taɓa zuwa Najeriya ba, amma Hausarsa ta fi ta taubashina tsabta. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 bai je gida ba, abin da yake samu a garejin nan gidaje da yawa ke ci. Hajiya da ta ji labarin kakan sai da ta share hawaye, ta yi masa addu'a mai tsawo, shi yana durƙushe yana amsawa.

Mun kwana a irin gidajen hayar nan masu kaya a ciki, ɗaki biyu da falo da madafa, riyal 180. Babu ƙawa, amma akwai tsabta, ruwa na zuwa, wuta ba ta ko ƙifta ba. Babu kukan janareto, abin da sai da na kwanta na gane kunnena na jiransa.

Washegari muka bar Hajiya ta huta, sai da hantsi ya ɗaga muka tashi. Mastura na gaba da wajen kilomita 40, kuma tun zamanin da wannan ce babbar hanyar Madina alhazai suka san ta da kifi. Kai za ka zaɓa a kan ƙanƙara, a auna, a soya. Najil ya fi tsada, muka ɗauki sha'ur a kan riyal 60 kilo, aka kawo shi da shinkafar sayadiyya, wadda soyayyar albasa ta mayar ja-ja, da romon tsamiya. Kifin teku ya fi namu na Tiga da Yawuri ƙarfin nama, amma har yau tarwaɗa ta fi kwanta mini. Gabas da garin ne Abwa take, inda aka binne Amina, mahaifiyar Manzon Allah (SAW).

Daga nan titi ya bar teku ya nufi duwatsu. Mun isa Badar da La'asar. Gari ne ƙarami, mai natsuwa. Maƙabartar na kewaye da katanga, kusa da ita an rubuta sunayen shahidai 14 da suka faɗi ranar 17 ga Ramadan, shekara ta 2 bayan Hijira. Muka yi sallah a Masallacin Arish, inda aka kafa wa Manzon Allah (SAW) rumfa a ranar. Hajiya ta sa na karanta mata sunayen ɗaya bayan ɗaya, ta ce in maimaita, sannan ta tsaya tana duban tudun yashin da ke gefen kwarin har kawu ya ce rana na tafiya.

Saura wajen kilomita 150. Muka bi Wadi Safra, ƙauyuka da gonakin dabino jefi-jefi, muka wuce Musaijid da Rauha, duhu ya same mu kafin Abyar Ali. Duk inda muka tsaya, motar da murɗa ɗaya take tashi. Masaukin da muka samu kusa da Harami ɗaki ɗaya ya fi kuɗin gidan Rabig gaba ɗaya, amma Hajiya na iya takawa zuwa masallaci da ƙafarta. Mun samu Isha'i a cikin jam'i. Bayan Asuba muka shiga ziyara, kawu da ɗansa kuma suka juya Makka ta hanyar Hijira, wadda ta fi gajarta, domin ranar Lahadi taubashina na da aiki.